Kemis ba shagon tireda ba ne

Masu biyo ni ta bayan fage tun jiya wai in sauke hoton firjin wani kemis da na saka, wai ina tona asirin mai neman halak ɗinsa, ku yi haƙuri, ba zan sauke ba. Ban ambaci shago ba, ban ambaci unguwa ba. Firji kawai na nuna: allurar insulin ta masu ciwon suga da na je saya wa Baba tana kwance tsakanin ƙullin zoɓo da fiya wata, cikin firjin kuwa ɗumi kamar kwanon tuwo. Na ce wa yaron shagon yaushe rabonku da wuta? Ya ce kwana uku. Har da murmushinsa: "Yallaɓai, ai ba a buɗe ta ba." Madalla da wannan ilimi, sai a ba shi kujerar farfesa.

A jikin kwalin an rubuta ɓaro-ɓaro a ajiye tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ƙwayoyi da yawa ma ba a so su wuce 30, ga Kano a watan Afrilu tana haura 40, ga shago rufin kwano babu silin. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne insulin da zafi ya dafa ba lallai ta sauya kama ba, ƙarfinta ne ke tafiya. Tsoho ya yi ta soka wa kansa allura safe da dare, suga na hawa, mu kuma 'ya'ya mu sa shi gaba da faɗa wai yana shan shayi da sukari a ɓoye. Wallahi da na tuna sau nawa na yi wa Baba wannan zargin, sai da jikina ya yi sanyi.

Wani ya ce ai laifin masu wuta ne. Na ji. To wa ya tilasta maka sayar da abin da ba za ka iya adanawa ba? Mai kifi ɗanye ya san ranar da zai haƙura. Lasisin da hukumar PCN mai kula da harkar sayar da magani ke ba ƙananan masu kemis ma na magungunan da ake saya ba tare da takardar likita ba ne, allura ba ta ciki. Amma a'a, kowa likita, kowa mai haɗi na ɗari biyu, a datse katin magani da almakashi har ranar ƙarewarsa ta tafi da ɗaya ɓarin.

Wani kuma ya ce ai akwai lambar NAFDAC a jiki. Lamba shaida ce a kan kamfanin da ya yi, ba ta san kwana nawa kwalba ta yi tana gasuwa a shagonka ba. Da aka rufe shagunan magani na Sabon Gari a 2024 aka ce su koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro, ihu muka yi ta yi wai an taɓa kasuwa. Kasuwa dai, kasuwa dai. Magani ba omo ba ne, ba madarar gwangwani ba ne, mutum zai sa a jininsa.

Masu cewa sai na je na buɗe nawa, na gode, ba ni da jari.