Ramar jiki ba shaida ba ce a kan kowa

Tun jiya bidiyon yaron nan na Agege yake yawo a zaurukan WhatsApp, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yawan dattawa masu furfura da suka tura shi gaba da alamar dariya. Saurayi siriri mai sanyin murya ya sauke tukunya a gidan biki, wasu suka kewaye shi suna kiransa ɗan daudu, suna cewa ya yi rangwaɗa su gani. Wannan zalunci ne, kuma duk wanda ya yaɗa shi yana da kaso a ciki.

A garin nan na Legas, daga Idi-Araba har Mile 12, maza ne ke soya ƙwai da Indomie a teburin shayi har asuba, maza ne ke gasa tsire da balangu, babu wanda ya taɓa tuhumarsu. Amma da zarar yaro ya tuƙa tuwo saboda mahaifiyarsa tana kwance, ko Allah ya halicce shi ba faɗin ƙirji, sai a yanke masa hukuncin luwaɗi. Yarinya mai ƙarfin damtse da ke son ƙwallo kuwa a ce 'yar maɗigo ce. Ramar jiki ba shaida ba ce, sanyin murya ma haka. A ƙasar da dokar da Shugaba Jonathan ya sanya wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, kuma taron jama'a kan ɗauki doka a hannu, laƙaba wa mutum wannan suna wasa ne da rayuwarsa.

Abin da masu dariyar ba su gani shi ne halin da yaron ke shiga bayan an watse. Wani yakan dinga cusa abinci ba don yunwa ba, ya haɗa da ƙwayoyin sha-ka-fashe don ya yi jikin da za a kira shi namiji. Wani kuma yakan tsani jikinsa har ya ƙaurace wa kwano, a zuba masa shinkafa ya jujjuya cokali ya ce ya ƙoshi. 'Yan mata sun daɗe a cikin wannan tarko: kafin aure gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, da wannan jikin za a kai ki ɗakin miji?", bayan haihuwa kuma miji ya ce ta yi teɓa, sai ta koma shan shayin rage ƙiba ko ta dinga ƙaƙaro amai a ɓoye. Cikin magungunan ƙara ƙibar nan na sha-ka-fashe akwai dexamethasone, wanda ke kumbura fuska da ciki, yana jawo hawan jini da ciwon sukari, yana raunana ƙashi.

Masu cewa wannan matsala ta ƙin cin abinci da ƙaƙaro amai cutar Turawa ce su yi haƙuri, zancen ba ya kama hankali. A tsibirin Fiji, inda ake ƙaunar mace mai jiki kamar yadda muke yi, talabijin ta isa wani yanki a 1995, kuma cikin shekara uku masu bincike suka tarar da 'yan makaranta mata sun fara jawo amai don su rame. Cutar ƙin cin abinci, wadda likitoci ke kira anoreksiya, tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, kuma tana kama maza. Bincike a Amurka ya nuna ta fi yawa a tsakanin maza masu sha'awar jinsinsu, inda tsangwama da ɓoye kai ke cikin manyan dalilai. Daga nan mutane suka ɗauka cewa duk namijin da ya kamu da ita irinsu ne, saboda haka namiji ya gwammace ya yi shiru yana lalacewa da ya je wurin likita.

Na san wani zai ce ina kare luwaɗi. Ba ni da lokacin wannan gardamar, domin maganata a kan ƙazafi take da kuma lafiyar 'ya'yanmu. Suratul Hujurat ta hana izgili, ta hana jifan juna da munanan laƙabobi, ta hana yawan zato, kuma kowa ya san hakan kafin ya danna maɓallin turawa. Masu cewa wasa ne kawai su fara tambayar wanda aka yi wasan da shi.

Iyaye, idan ɗanku ya fara gudun cin abinci cikin mutane, ko yana shiga banɗaki da zarar ya gama, ku kai shi asibiti, ga asibitin koyarwa a Idi-Araba, ga na ƙwaƙwalwa a Yaba. Masu kemis na unguwanninmu kuwa, da ke ƙirga wa yarinya 'yar shekara sha biyar ƙwayoyin ƙara ƙiba a leda ba tare da takardar likita ba, ya kamata sarakunan Hausawa da limamanmu su kira su zama, domin sun san abin da suke sayarwa.