Kafin a yi odar wardi daga Kenya, a leƙa bakin titi

A watan Afrilun bara na halarci dinar bikin wata 'yar ƙanwar mahaifiyata a Kano. Mai kwalliyar wurin ta yi alkawarin fulawa ta gaske, ba ta roba ba, kuma ta cika: fararen wardi da suka taso a jirgi daga Kenya, suka sauka Legas, suka sake hawa wani jirgin. Da azahar aka jera su, gwanin sha'awa. Da la'asar aka ɗauke wuta, janareta ya yi gardama na kusan awa biyu. Lokacin da amarya ta shigo wajen ƙarfe tara, wardin nan duk sun sunkuyar da kai kamar masu karɓar gaisuwar mutuwa, gefen ganyensu ya koma ruwan ƙasa. Gwaggo Hajiya ta taɓa ɗaya da yatsa, ta dubi uwar amarya ta ce, "Ke 'yar nan, wannan yaushin kuka saya da kuɗin saniya?"

Da muka fito, a layin da muka ajiye mota, bishiyar nan mai jan fure da Turawa ke kira flamboyant ta yi jawur kamar an kunna mata wuta. Ba wanda ya ba ta ruwa, ba wanda ya kalle ta.

Ra'ayina a nan shi ne, mun kwaikwayi Turawa a wurin da bai kamata ba. Mun ga hoton bikinsu a Instagram, mun ɗauko furen, mun bar dabarar da ta sa suka zaɓe shi. Ranar 29 ga Afrilun 2011, da Yarima William ya auri Kate Middleton, wa zai ce ba su da kuɗin sayo fure daga ko'ina a duniya? Amma damin da amaryar ta riƙe na ƙananan furanni ne da ke buɗewa a Ingila a daidai wannan lokaci. A cikin majami'ar Westminster kuwa bishiyoyi takwas masu rai aka jera, bayan biki aka kai akasarinsu Wales aka dasa. A naɗin Sarki Charles ranar 6 ga Mayun 2023 ma, daga ƙananan gonakin Birtaniya aka tattaro furannin, kuma aka ƙi amfani da koren soson nan da ake soke fulawa a ciki, domin roba ne da ba ya ruɓewa. Tambayar da suka fara yi ita ce: me ke fure a ƙasarmu wannan watan?

Bazararsu ba irin tamu ba ce. Tasu sanyi ne ke janyewa, ƙasa na farfaɗowa. Tamu rana ce mai kai maki 40 a inuwa. Wardin da aka yanko daga gonakin bakin tafkin Naivasha, a kan tudun da ya kusa mita 1,900, rayuwarsa duka a cikin sanyi take: daga ɗakin sanyi na gona zuwa mota mai firij, zuwa jirgi, zuwa babbar kasuwar furanni ta Aalsmeer a Holan. Da zarar wannan sarƙa ta tsinke, fure ya fara mutuwa. A ƙasar da wuta ke zuwa kamar baƙo, ina za a samu sarƙar da ba ta tsinkewa? Ga kuma kuɗin jirgi da dala ake lissafa shi, alhali tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa ya san inda dala ta kai.

Akwai wani abin da masu shirya biki ba su cika lura da shi ba. Bukukuwanmu sun fi yawa gab da azumi da bayan Sallah, kuma azumi na matsowa da kusan kwana 11 duk shekara. A 2025 ranar 1 ga Maris aka ɗauki azumi, ke nan bukukuwan bayan ƙaramar Sallah sun faɗo tsakiyar zafi, kuma haka za a ci gaba na 'yan shekaru. Wanda ya saba da tsari guda na kwalliya zai ta asara.

To me muke da shi? Da sanyi gurjiya kan zubar da ganye ta cika da jajayen furanni masu kauri. Ƙariya, wadda ake dasawa a bakin shinge, da rani take fitar da furenta mai ruwan hoda, kuma a tukunya ake iya kawo ta da ranta a mayar bayan biki, sai dai a kiyaye yara da ruwan jikinta, yana da dafi. Da bazara marga kan rataye zangarniyoyi masu ruwan ɗorawa. Furen lalle kuwa, duk wadda ta taso a gidan da ake da bishiyarsa ta san ƙamshinsa da yamma. Abin mamaki ne mu shafa ganyen a ƙafar amarya, mu manta da furen. Da kaka ga zangarniyar gero da jan soɓo a jikin karansa, ba sa yaushi ko an kwana uku ana biki. Wanda kuma ya ce lallai sai wardi, sanyin Jos na fitar da shi, kamar yadda yake fitar da dankalin Turawa, kuma tafiyar mota ce ta yini guda.

Na san abin da masu sana'ar za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Furen bishiya ba ya jure yanka kamar wardin da aka ƙera domin kasuwa, kuma idan ana son kara ɗari biyar masu tsawo ɗaya da launi ɗaya, manomin gida zai yi wuya ya cika. Amma wa ya ce sai teburi hamsin sun zama iri ɗaya? Kuma manomi ba ya shuka abin da ba a taɓa tambayarsa ba. Masu gandun tsirrai da ke bakin titunan Kano, Kaduna da Abuja za su iya renon furannin nan a tukwane su bayar haya, in sun san akwai mai zuwa wata uku kafin biki.

Ƙanwar amaryar nan an sa ranarta bayan Sallah mai zuwa. Gwaggo Hajiya ta riga ta kafa sharaɗi: duk fulawar da za ta shigo wurin, sai ta ga tukunyar da za a mayar da ita gida.