Basilin ba folish ba ne, Hajiyata

Ban kira sunan kowa ba, kuma ba zan kira ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Jiya da la'asar wata baiwar Allah ta yi sallama shagona, ta zaro 'yan kunne da abin wuya na rezin (ruwan roba da ke daskarewa ya zama kamar gilashi) daga jaka ta dire mini a kan tebur, wai in duba aikina. Kallo ɗaya na yi musu na ce Anti, wannan bai bi ta hannuna ba. Fasalin nawa ne, ban musa ba: ɗigon ruwa, da busasshen fure a tsakiya, da ɗan barbaɗin gwal a gindi. Har hoton da ta gani a status kafin ta tura kuɗi nawa ne, an yanke sunana daga ƙasa. Amma da na shafa gefen da ɗan yatsa sai na ji kaifi kamar bakin gwangwanin madara. Shi ya karce mata wuya a wurin biki, ya kuma zare mata zaren mayafi. Bayan kuwa danƙo, har gashin mayafin ya manne. Furen ya koma ruwan ƙasa, don ɗanye aka tsoma shi.

To ke mai "sauƙin farashi", ke da kika zauna kwana uku kacal a gabana kina ɗaukar bidiyo a ɓoye, zubi kika gani, ba ki tsaya kin ga gyara ba. Zuba rezin a mol, wato mazubin da ke ba shi fasali, ko ƙanwata 'yar aji shida ta iya. Aikin yana farawa ne bayan an ɓare.

Tunda ba ki tambaya ba, bari in ba ki sadaka. Gefen da ke kallon sama a cikin mol, idan ya bushe yakan tashi da ɗan leɓe mai kaifi. Ba a sayar da shi haka. Kuma ba a taɓa shi washegari don kwastoma na kira. Awa 24 na ɓarewa ne, ni sai ya kwana uku ya yi tauri sosai kafin samfefa ta hau shi, in ba haka ba sai ya riƙa cuɗewa yana toshe ta. Da ruwa ake gogawa, don ƙurar rezin ba ta shaƙa ba ce, ni ko da ruwan ma da takunkumi nake zama. In fara da mai lamba 400 in kashe kaifin, in koma 600, 800, 1000, 1500, 2000, har 3000, kowace tana share zanen da ta gabanta ta bari. Duk sauyin lamba sai na sauya hannu, in na bi tsaye yanzu in bi a kwance, don in ga ko tsohon zane ya fita. Tsallake guda, wallahi sai ta tona miki asiri a hasken rana. A tsakiyar aikin abin zai yi dishi-dishi kamar gilashin da hazo ya rufe, a nan marasa haƙuri ke tsorata. Sai an kai ƙarshe a sa folish da ƙyalle mai laushi, ko a shimfiɗa masa siririn rezin a sama, a kife da roba don ƙurar hunturun Kano ba ta da kunya.

Ke kuma me kike yi? Ki lakato basilin ki shafe, ki kunna fitilar zobe, ki ɗauki hoto. Mai yana cika zanen na ɗan lokaci, shi ya sa yake sheƙi a waya. Ranar da kika ji tsoron Allah kaɗan sai ki shafa jan farce mara launi, wanda humra da gumi za su ɗaye shi kafin a watse daga kamu. Danƙon nan kuwa rowar awo ce da ragwancin juyawa. Idan kwalba ta ce a haɗa rezin da sinadarin daskarar da shi ɗaya da ɗaya, ɗaya da ɗaya ne, ba da ido ba, a juya minti uku ana kankare gefen kofi. Rezin da bai kama ba yana sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje, ke kuma a wuyan 'ya'yan mutane kike rataya shi.

Na ji ana cewa wai ina da tsada, wai "wasu" na cin haƙƙin mutane. Zo ki ga yatsuna. Ko lalle ba ya zama a kansu saboda ruwa da samfefa. Maƙalan da nake sawa ma na silba ne wanda ba ya tsatsa, ba irin na buhu da ke mayar da kunne kore ba. Ki ci kasuwarki, Allah ya sa albarka, ban tare wa kowa hanya ba. Hotona kawai za ki sauke.

Antin nan dai ta bar mini 'yan kunnen, na ce ta dawo ranar Laraba, zan kashe musu kaifi kyauta. Abin wuyan kuwa na ce ta mayar inda ta saya, har da gashin mayafin a jiki.