Manhajar da ke tsallake watanni, ga janareta yana hayaƙi

Wallahi na gaji da manhajar nan da aka sayar mana don tsara lokutan duba injina. A masana'antar ruwan leda nake aiki a Aboabo, nan Kumasi, janareta da famfuna duk a hannuna suke. Alhaji mai masana'antar ya zuba kuɗi don a daina mantuwa, yanzu ita ce ke jawo mana asara.

Ma'aikacin da kamfanin ya turo ya saita ta, mun ce masa juyen baƙin mai kowane ƙarshen wata muke so. Ya danna 31 ya tafi abinsa. Ashe duk watan da bai kai kwana 31 ba, tsallake shi take yi, ko uffan ba ta cewa. Fabrairu, Afrilu, Yuni, Satumba, Nuwamba, wata biyar a shekara babu takardar aiki! Sai da janareta ya fara hayaƙi muka ɗauko bakanike daga Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Ya zaro sandar awon mai ya goga a yatsa, man ya yi baƙi ƙirin, ya yi kauri kamar kwalta.

Kuma ina ruwan inji da kalanda? Awa yake ƙirgawa. Littafin janaretanmu ya ce a yi juye duk awa 250. In wuta ta zauna, sai wata ya wuce ba a kai rabin haka ba. In dumsor ya dawo, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana, kowa ya tuna abin da muka sha a 2015, injin da ke yin awa 12 a rana ya cinye 250 cikin mako uku. Na nemi a ɗaure jadawalin da agogon injin, aka ce sai mun ƙara kuɗi mun hau babban tsari. Da dala! Mu da muke tara sidi daga ledar ruwa.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura na toshe matatar iska, dole a kakkaɓe ta kowane mako. Babu inda zan ce wa manhajar ta riƙa sa wannan aikin na wata ukun nan kawai a kowace shekara. Da hannu nake sawa, da hannu nake gogewa.

Ranar Sallah ma ba ta bar ni ba. Hutu ne a duk faɗin Ghana, amma ta sa aiki, washegari ta shafa wa sunana ja wai na makara. Ina gidan surukai Alhaji ya kira: "Malam, lafiya? Na ga ja a wayata."

Na rubuta musu ƙorafi, saƙon na'ura ne ya dawo yana godiya. Kuɗin bakanike da na ruwan da ba mu buga ba, wa zai biya? Su turo mutum ya gyara wannan jadawali kafin su sake cire ko kwabo daga asusun Alhaji.