Motar da ba ta da rufi, dillalin da ba shi da kunya

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na ji wannan karin magana ya fi sau hamsin, a fada, a wurin aiki, har a gidan suna. To na ji, na kuma yarda. Ni na tashi da hankalina na ce sai Mustang mai buɗaɗɗen sama, a garin Yamai, inda a watan Afrilu ko ƙadangare inuwa yake nema. Wautata ce, ban raba ta da kowa ba. Amma masu yi mini dariya su tsaya su ji sauran, don wauta daban, cuta daban, kuma ni duka biyun aka haɗa mini a faranti ɗaya.

Tun ina ɗan kolej nake son motar nan, daga wani hoto da ke manne a shagon mai aski na unguwarmu. Tun 1964 kamfanin Ford ke ƙera ta a Amurka, kuma wadda raina ya kwanta a kai ita ce GT ƙirar 2016, mai silinda 8 da inji lita 5, wadda in ta yi gurnani har cikin ƙirjinka kake ji. Shekara shida ina tari, na ƙara da kuɗin filina na hanyar Filinge. Wani abokin aiki ya haɗa ni da dillalin: farar shadda, tasbaha, wayoyi uku. Ya nuna mini hotuna, ja wur tana ƙyalli. "Patoro, wata tsohuwa ce ta riƙe ta, daga gida sai kasuwa. Dubu 58 kawai ta yi." Ban san me ya sa duk motar da ta fito Turai ko Amurka tsohuwa ce ke riƙe da ita ba. Bai kuma ce mini 58 ɗin nan mil ba ne, wato kilomita dubu 93 da ɗoriya. Wannan ce ƙarya ta farko, kuma ita ce ƙarama.

A watan Mayun 2023 na ƙirga masa sefa miliyan 9 na avansi, a kan miliyan 12 har ƙofar gida cikin wata biyu. Jirgi ya sauke ta a Kwatano, sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyakoki. Wannan kam ba shi ya jawo ba, ƴan kasuwa da yawa sun yi kuka fiye da ni. Abin da ya yi da rufewar ne ban yafe ba. Ya maishe ni saniyar tatsa. Kowane ƙarshen wata sai waya: kuɗin ajiya, kuɗin mai gadi, kuɗin tada batir. Na ce, "Alhaji, ina rasit?" Ya ce, "Haba patoro, tsakanina da kai har sai da takarda?" CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar a Fabrairun 2024, amma gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya ba ta buɗe ba, sai aka ce dole a zagaya ta Togo, a ratsa Burkina, a bi ayarin da sojoji ke rakiya ta Kaya da Dori har Tera. Sabon lissafi. Ranar da ta sauka daga bayan babbar mota, a watan Yuni, kuɗina da suka tafi sun kai miliyan 17, da na duwan da na tiranzite, kuma har gobe ban ga takardar rabinsu ba.

Duk da haka daren nan ban yi barci ba don murna. Sau uku na fito tsakar gida ina shafa ta.

Sai zaman yau da kullum ya fara koya mini karatu. Daga Lazare nake tashi, aikina a Harobanda. Tudun rage gudun nan da muke kira dodan, ni dai a wurina dodo ne na gaske. Motar a ƙasa take kamar kunkuru, sai na karkace na hau shi a gicciye, taya ɗaya bayan ɗaya, masu taksi na bayana suna ta oda suna zagin iyayen da ba su san su ba. In na yi kuskure kaɗan sai ka ji ƙurrr daga ƙasa, kamar a haƙarƙarina ake gogawa. Rufin kuma, wanda saboda shi na kashe dukiyata, yaushe zan buɗe shi? Da hunturu in na buɗe sai in isa ofis gira da gemu sun yi ja kamar mai haƙar rijiya. Da bazara kujerar fata na iya gasa tsire. A fitilar kan hanya kuwa, kafin ta ba da hannu masu sayar da katin waya, da masu goge gilashi, da almajirai sun kewaye ni, hannuwa har kan sitiyari, don wanda ke cikin irin wannan mota ba ya cewa babu. Na koma tafiya a rufe, da kilim, kamar kowa, sai dai ni mai nake sha ninki biyu na kowa. Tankinta lita 60 ne. Ko da aka sauko da lita zuwa 499, jika 30 nake zubawa, kwana biyar ta lashe. Da aka shiga ƙarancin mai a watan Maris na 2025, na yi wuni a layi, masu kabu-kabu na nuna ni da baki suna cewa ga wanda ya shanye na gari.

Ƙarshen mako da na yi mafarkinsa, sau ɗaya muka gwada. Muka nufi lambun wani ɗan'uwa a Bubon, yara biyu a matse a kujerar baya gwiwa a haɓa. Muna sauka daga gudron ta nutse a rairayi, tayoyin baya na ta watsa ƙasa, doki ɗari huɗu da wani abu sun kasa abin da jaki ɗaya ke yi. Samari shida suka turo mu. Uwargida ba ta ce uffan ba sai da muka iso gida, sannan ta ce, "Malam, filin nan dai da yanzu an yi masa katanga."

Duk wannan na haɗiye, rariyata ce. Ga abin da ya tsaya mini a maƙogwaro.

Tun zuwanta take wasu ƴan halaye. Gilashi ya ƙi hawa yau, gobe fitilun gaban direba su kama gaba ɗaya kamar daren salla, jibi rediyo ya kunna kansa. Duk lokacin da na kira dillali sai ya ce zafin Nijar ne, za ta saba. Ran nan, farkon damina, da la'asar sakaliya gari ya yi luf, na ce yau dai bari in ci kuɗina, na sauke rufi. Ina tsakiyar gadar Kennedy, cikin cunkoso, hadari ya taso daga gabas da jar ƙurarsa. Na danna maɓalli. Rufi ya ɗago kamar kamu ɗaya, ya tsaya cak. Na danna, na roƙa, na yi salati. Ƙura ta fara rufe ni, ruwa ya biyo baya kamar da bakin ƙwarya, ga ni zaune cikin kwatarniyar miliyan 17, fasinjojin faba-faba na ɗaukata da waya.

Washegari bakanike ya cire kujera ya ɗaga shimfiɗar ƙasa don ta bushe, sai ya kira ni. "Patoro, zo ka gani." Busasshiyar laka ce toka-toka, ta daskare a kowane lungu, ƙarafan ƙarƙashin kujera sun yi tsatsa, bakunan wayoyi sun yi kore. Ya murza lakar a yatsa ya ce ba ta jiya ba ce, ba kuma ta kogin Isa ba ce. Ɗan yayata ya kwafi lambar jikin motar, haruffa da alƙaluma 17 da ke gindin gilashin gaba, ya zuba a intanet. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga motata a filin gwanjo a Amurka, layin ruwa a jikinta har bisa hannun ƙofa. Ambaliya ce ta cinye ta, kamfanin inshora ya biya mai ita ya sallama ta a matsayin gawa. Gawar aka wanke, aka fesa mata turare, aka sayar mini da sunan motar tsohuwa. Wanda ya saye ta a gwanjon nan ya ga hotunan kafin ya biya, don da su ake tallar.

Na kai wa dillalin hotunan har shago. Ko gezau. Ya duba, ya ja tasbaha, ya ce, "Patoro, ƙaddara ce, kowace mota da rabonta." Ƙaddara! Ambaliyar ce ƙaddara, Alhaji. Ɓoye ta da ka yi sana'arka ce. Da na ɗaga murya sai maƙwabtansa suka taso da a yi haƙuri, ai dattijo ne, ai ba a tona asiri a kasuwa. Nawa asirin da ya tonu a kan gada gaban rabin gari fa? Da na ce zan kai ƙara, ya yi murmushi ya tambaye ni takardar da muka sa wa hannu. Shi ya sa tun farko tsakanina da shi ba a bukatar takarda.

Kuma kada wani ya ce wannan matsalar masu son burga ce. Ta hanyar nan ƙananan motocin da malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti ke tara kuɗin shekaru su saya suke shigowa, daga filayen gwanjon nan, ta hannun irin mutanen nan. Bambancin kawai, su in tasu ta lalace za su samu kayan gyara a Katako kafin azahar. Ni na zagaye kasuwar kaf, wani ya ce in kawo tsohon ya gani ko na Hilux zai shiga. Injin rufin da akwatin wayoyin sai daga waje, wata uku ke nan ina jiran su, kuɗi kuma sun riga sun tafi.

Tana nan tsakar gida ƙarƙashin tamfol, kazar uwargida ta samu wurin ƙwai a bayan tayar hagu. Ni kuma kullum da safe ina bakin hanya ina tsaida taksi. Shekaranjiya na ga dillalin ya sa hoton wata Camaro rawaya a WhatsApp, ya rubuta wai ta wata tsohuwa ce. Na buga hotunan gwanjon nan guda talatin, manya, masu launi. Ranar Asabar da ƙarfe tara ina bencin mai shayin da ke kallon ƙofar shagonsa, kuma duk wanda ya nufi ciki sai na miƙa masa ɗaya.