Wulaƙancin da Ɗan Kallo Yake Sha a Filayen Gasar 'Yan Dagaji

Duk lokacin da aka gayyato wani jami'in wasanni gidan rediyo, da wuya a tashi daga shirin bai koka da cewa matasanmu sun juya wa ƙwallon gida baya ba, wai sun tare a gidajen kallo suna musu a kan Arsenal da Real Madrid alhali ƙungiyoyin garinsu suna wasa babu mai kallo. Wannan magana tana ƙona mini rai, domin masu yin ta ba sa shiga fili ta ƙofar da talaka yake shiga. A mota ake kai su har gindin rumfa, a ajiye musu kujera da ruwan sanyi, kuma kafin a busa tashi an riga an fitar da su ta ƙofar baya. Ni ina cikin waɗanda har yanzu ba su daddara ba, muna bin wasannin rukuni na biyu na ƙwallon ƙafar Najeriya, wato gasar NNL, da na rukuni na uku da ake kira NLO, kuma ina shaida cewa duk wanda ya daina zuwa bai yi laifin komai ba, korar sa aka yi.

Wahalar tana somawa ne tun daga neman sanin ranar wasa. A zamanin da mai sayar da atamfa ma yake tallata hajarsa a Facebook da WhatsApp, ƙungiyar da ke da shugaba da sakatare da jami'in yaɗa labarai ta kasa sanar da magoya bayanta ranar da za ta buga wasa da lokacin da za a take ƙwallo. Sai dai ka ji a bakin wani wanda shi ma a bakin wani ya ji. A ce maka Asabar ne da ƙarfe huɗu, ka rufe shagonka, ka biya kuɗin adaidaita sahu, wanda tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya zama abin da sai an yi lissafi kafin a hau, ka isa ka tarar da ƙofa a garƙame, maigadi ya ce maka ai an ɗage wasan zuwa gobe, ko an buga shi tun da hantsi, ko kuma baƙin ba su iso ba saboda motarsu ta lalace a hanya. Babu wanda zai ba ka haƙuri, balle a yi zancen abin da ka kashe.

Ranar da aka yi sa'a wasan yana nan kuma, sai a shiga azabar ƙofa. Fili yana da ƙofofi da dama, amma guda ɗaya tak ake buɗewa, ita ma ɓari guda, sannan a jibge mata ƙarti masu dorina da gora waɗanda babu wanda ya san wanda ya ɗauke su aiki, ba su da kaki, ba su da katin shaida. Ba a yin layi, domin babu wanda ya tsara yadda za a yi shi. Turereniya ce kawai, mai ƙarfi ya wuce. Da idona na ga wani dattijo mai furfura ya ɗaga tikitinsa sama yana nunawa, duk da haka dorina ta sauka a gadon bayansa, hularsa ta faɗi aka tattake ta, kuma da ya samu ya kutsa ciki yana haki, ya laluba aljihu ya ji babu waya. A daidai wannan lokacin ana buɗe ɗaya ɓarin ƙofar ana shigar da wasu samari kyauta, ana cewa yaran oga ne. Shi kansa tikitin sau da yawa ba a yaga shi, mai karɓa yana dunƙule shi a tafin hannu ya miƙa wa yaronsa a koma waje a sake sayarwa. Gobe kuma a fito a ce kuɗin ƙofa bai taka kara ya karya ba, saboda haka babu abin da za a yi gyara da shi.

To, an shiga, sai kuma me? Rumfa ɗaya ce mai inuwa, kuma ta manya ce, ko da kuwa rabin kujerunta babu kowa a kai. Sauranmu sai dandamalin siminti da ya wuni yana shan rana, wanda a watannin Maris da Afrilu ba ya zaunuwa sai mutum ya shimfiɗa kwali ko ya cire takalminsa ya zauna a kai. Ruwan leda da ake sayarwa a ciki ya fi na waje tsada kuma ya fi shi zafi. Banɗaki kuwa, inda ma akwai shi, ko dai an kulle shi da kwaɗo an tafi da makullin, ko kuma yana cikin halin da ba zai siffantu a rubuce ba, shi ya sa gindin katanga ya zama makewayin kowa, zarni yana dukan hanci tun daga nesa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sha'anin salla. Kowa ya san ƙarfe huɗun da ake take wasa lokacin La'asar ne, kuma mafi yawan masu zuwa kallo a garuruwanmu Musulmi ne, amma an rasa wanda zai girke tankin ruwa da 'yan butoci ya share wani gefe ya shimfiɗa tabarmi. Sai ka ga magidanta suna alwala da ledar ruwa guda, suna salla a kan tsakuwa, masu wucewa suna gitta su. Ga hayaƙin wiwi da ke turnuƙe wani ɓangare na filin a gaban jami'an tsaro, ga ashar da ake ɗurawa babu ƙaƙƙautawa. Wane uba ne mai hankali zai kawo ɗansa irin wannan wuri? Mata kuwa tuni suka haƙura, kuma ban ga laifinsu ba.

Game da filin kansa ba sai na tsawaita ba. Ƙura ce da rani, taɓo da damina, inda aka shimfiɗa ciyawar roba kuma an bar ta ta suɗe ta ɗaɗɗaye. Babu allon da ke nuna sakamako ko minti nawa aka ci, babu takardar da ke ɗauke da sunayen 'yan wasa, lasifika kuma in tana aiki to kirarin shugaban ƙungiya da na kwamishina ake yi da ita. Yaro zai yi wasa mai ban sha'awa na minti casa'in, ka tashi ba ka san sunansa ba, sai dai ka ce mai lamba goma.

Duk waɗannan da na lissafa mai son ƙwallo zai iya jure su, in dai abin da ya zo gani na gaskiya ne. Babban ciwon shi ne yadda aka mayar da nasarar mai masauki tamkar wajibi, har ya zama tun kafin a take wasa kowa ya san inda maki uku za su kwana. Alƙalin wasa yana sauka daga mota ake raka shi da baƙar magana, wasu ƙarti su tsaya a bakin ɗakin canza kaya suna tuna masa cewa ƙofar fita guda ɗaya ce. Mataimakinsa mai ɗaga tuta yana gudu a gefen layi, tsakaninsa da masu jifa bai wuce taku kaɗan ba, waya ce kawai ta raba su, ita ma duk ta ɓuɓɓule. Sai baƙi su zura ƙwallo mai kyau, tuta ta tashi a ce satar gida. Idan aka kai minti casa'in ana kunnen doki, sai ƙarin lokaci ya ƙi ƙarewa, a yi ta wasa har sai wani ɗan gida ya samu ya faɗi a cikin da'ira an ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida, ƙwallo tana shiga raga kuma a busa tashi. Na sha ganin ƙungiyar da nake goyon baya ta ci wasa ta wannan hanya, na koma gida ba na jin daɗin komai, domin na san mako mai zuwa abin da za a yi mana ke nan a gidan wasu. Mutum ya biya kuɗinsa ne don ya ga gasa, sai aka nuna masa wasan kwaikwayo wanda ya riga ya san ƙarshensa.

Ba na wanke alƙalan wasa, akwai masu kwaɗayi a cikinsu, amma a duba halin da ake jefa su. An daɗe ana tafiya a kan tsarin da ƙungiyar da ke karɓar baƙunci ce take ɗaukar ɗawainiyar alƙalai, kuma Bahaushe ya riga ya ce bakin da ya ci shi ke godiya. Sannan 'yan sandan da ake kawowa ba su kai yawan da za su kare kowa ba in rikici ya ɓarke. Mutumin da ya baro iyalinsa a wani gari, ya san ba shi da mai kare shi, da wane ƙarfin hali zai busa fenareti a kan masu gida? Wanda yake ganin ana zuzuta lamarin ya tuna da abin da ya faru a watan Yulin 2013, a wasannin neman gurbin shiga gasar Nationwide ta ƙananan ƙungiyoyi, lokacin da Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci Babayaro 67 da nema a rana guda, kuma mafi yawan ƙwallayen bayan an dawo daga hutun rabin lokaci aka zura su. Duniya ta yi mana dariya, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara goma, ta haramta wa 'yan wasa da jami'an da ke da hannu shiga harkar ƙwallo har abada. Wancan ya fito fili ne saboda ganganci ya yi yawa. Ƙananan irinsa, na ci ɗaya mai ban haushi, ana nan ana yin su a filayen da babu kyamarar talabijin.

Akwai kuma batun rai, wanda ya fi gaban maki. A watan Maris na 2020 ɗan wasan Nasarawa United, Chineme Martins, ya yanke jiki ya faɗi a fili a garin Lafiya ana tsakiyar wasa da Katsina United, kuma rai ya yi halinsa. Rahotanni a lokacin sun ce motar asibitin da aka girke ta ƙi tashi. Wannan fa a babbar gasa ne, inda ake da ido da sharuɗɗa. A ƙananan gasa na ga an fitar da yaro da ya karye a kan kafaɗun abokan wasansa saboda babu gadon ɗaukar majinyaci, mai ba da agajin kuma abin da ke hannunsa bokitin ruwa ne da man zafi. Idan haka ake yi wa ɗan wasa, ɗan kallon da ya suma a turereniyar ƙofa sai dai a yi masa fifita da kwali.

Abin takaicin shi ne ƙwallon da ake bugawa a waɗannan rukunai ba na yarwa ba ne. A 2024 El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, tana rukuni na biyu, ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa bayan ta doke Abia Warriors da ci biyu da nema a Legas. Kano Pillars, mai kofin gasar ƙasa huɗu, ta faɗo rukunin a 2022 tare da Katsina United, su biyun suka koma sama a 2023, kuma magoya bayansu ba su guje su ba. A can ƙasa ne ƙungiyoyi masu tarihi suka daɗe suna fama, irin su Mighty Jets ta Jos wadda ta lashe gasar ƙasa ta farko a 1972, da Ranchers Bees ta Kaduna wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofin ƙalubale a 1988. Kano da Kaduna da Bauchi sun karɓi baƙuncin wasannin matasa na duniya a 1999 da 2009, saboda haka kada wani ya ce mana ba a san yadda ake buɗe ƙofa a tsara layi a ƙasar nan ba.

A ganina tushen matsalar shi ne yawancin ƙungiyoyin nan ba da kuɗin ɗan kallo suke rayuwa ba. Ko dai na gwamnatin jiha ne, ko na ƙaramar hukuma, ko na wani ɗan siyasa ko attajiri, saboda haka shugabanninsu fuskar mai ba da kuɗin suke kallo. Abin da za su kai masa rahoto shi ne an ci wasa, ko ta halin ƙaƙa. Babu wanda zai tambaye su mutum nawa suka shigo, ko an wanke banɗaki. Shi ya sa ake tattalin 'yan daba, domin suna da amfani ranar wasa, mai tikiti kuwa ya zama kaya. Idan kuma waɗannan 'yan dabar suka lakaɗa wa alƙali duka, hukuncin da aka saba yankewa shi ne tara, da rufe ƙofa a buga wasa babu 'yan kallo, ko a kora ƙungiyar zuwa wani gari mai nisa. Tarar daga baitulmali za ta fito, waɗanda suka yi dukan kowa ya san su a unguwa amma ba a gurfanar da su gaban kotu ba, kuma a wasan da aka ce an rufe ƙofar ma za ka ji sun samu hanyar shiga. Wanda aka hukunta a zahiri shi ne mutumin da ya sayi tikiti ya zauna a kan siminti bai jefi kowa ba.

Ina kira ga hukumomin NNL da NLO da hukumomin ƙwallo na jihohi da su daina amincewa da fili a kan takarda. Kafin a fara kakar wasa a je a duba da ido, duk filin da ba shi da ƙofofi aƙalla biyu a buɗe, da banɗaki mai ruwa, da shinge mai ƙwari tsakanin 'yan kallo da layi, da motar asibitin da aka tayar aka ji ƙararta, to kada a buga wasa a cikinsa. Haƙƙin alƙalan wasa ya riƙa fitowa daga asusun hukumar gasa kai tsaye kuma a kan lokaci, a riƙa ɗaukar bidiyon kowane wasa ana sakawa a intanet kowa ya gani, sannan wanda ya ɗaga hannu ya doki alƙali a kama shi da sunansa a kai shi kotu, a bar sauran jama'a su shiga kallo a wasa na gaba.