A kai na'urar ikogarafi ɗakin ungozoma, tun ciki yana ƙarami

Duk wanda ya taɓa raka mace awon ciki a ɗaya daga cikin ƙananan likitocin Tahoua ya san yadda safiyar take. Mata jere a kan benci, kowa da karnenta na awo a hannu, wata da goyo a baya. Idan layi ya zo kan mace, tambayar farko da ungozoma ke yi ita ce: "Yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe?" Na ji wata ta amsa da cewa, "Madam, tsakanin ƙaramar Salla da babba ne." Tsakanin Sallolin nan biyu kwana 70 ne ko kusa da haka. Wata kuwa sai ta waiwaya ta nuna yaron da ke bayanta, ta ce tun da ta haife shi ba ta sake gani ba, tana shayarwa ciki ya shiga. Ungozoma ta shafa mara, ta ɗauko tef ɗin awo, amma tef ba ya faɗin komai sai ciki ya taso. Daga ƙarshe ta rubuta ƴar takarda: a je a yi ikogarafi, wato hoton ciki. Takardar nan sai a ninke ta a cusa cikin karne, ba za a sake tuna ta ba sai ciki ya kai wata bakwai, lokacin da ake son a san namiji ne ko mace don sayen kayan suna.

Ra'ayina shi ne hoton ciki na farko aikin ɗakin awo ne, kuma ungozomar da mace ta saba da ita ce ya kamata ta yi shi, a ranar da ta fara zuwa. Tura ta wani gari ko wani kilinik na kuɗi daidai yake da cewa kada ta yi.

Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar kowace mai ciki ta haɗu da ma'aikacin lafiya sau 8, kuma a yi mata hoto sau ɗaya kafin ciki ya kai mako 24. Dalilan da ta bayar a fili suke: a san ainihin kwanakin cikin, a gano tagwaye, a gano nakasar halitta, a rage tayar da naƙuda bisa zaton ciki ya wuce lokaci alhali bai wuce ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne amfanin hoton yana raguwa ne yadda ciki ke girma. A watanni ukun farko, idan aka auna tsawon ɗan tayi daga kai zuwa mazauni, kuskuren lissafi bai wuce kwana 5 zuwa 7 ba, domin a wannan lokaci duk ƴaƴa kusan girma ɗaya suke yi. A watanni ukun ƙarshe kuwa kuskuren na iya kai mako 3, gaba ko baya. Wato hoton da muke tara kuɗi mu yi a wata na bakwai shi ne mafi ƙarancin amfani wajen sanin ranar haihuwa.

Wani zai ce to mene ne, ai haihuwa lokacinta na Allah ne. Haka ne. Amma ayyukan ungozoma da yawa a kan lissafin makonni suke tsaye. Maganin rigakafin zazzaɓin sauro da ake ba masu ciki, wanda aka fi sani da Fansidar, ba a farawa sai ciki ya shiga mako na 13. A ƙasar da damina ke zuwa da masassara gida-gida, ungozomar da ba ta da tabbas ko dai ta jinkirta maganin, ko ta bayar da wuri. Idan naƙuda ta zo kafin lokaci, akwai allurar da ake yi wa uwa don huhun jariri ya yi ƙwari, tsakanin mako 24 da 34, kuma sharaɗinta na farko shi ne a san kwanakin cikin da gaske. Idan mace ta zo tana cewa watanta goma, wa zai raba gardama? Har maganar nan ta kwantaccen ciki, da ta sa mata da yawa zaman jiran haihuwa shekara da shekaru, minti biyar a gaban na'ura ya isa a san ko akwai ɗa a mahaifa, ko ƙari ne, ko babu komai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai shi ne abin da ya faru a gidanmu. Matar ƙanena tana zaune a wani ƙauye na Adar, mijinta yana Abijan wajen bida kamar yawancin samarin yankinmu. Bayan ya zo ganin gida ya koma, ta yi wata biyu ba ta ga al'ada ba. Sai mara ta fara yi mata ciwo ta gefe ɗaya, da ɗan ɗigon jini. Ta gaya wa Inna, Inna ta ce ciki ne ke neman wurin zama, a jiƙa mata magani. Da ciwon ya ƙi, ta je wurin ungozoma. Aka gwada fitsari, ciki ne. Ungozomar ta danna marar, yarinya ta yi ƙara, nan take ta rubuta takarda ta ce a kai ta Tahoua a yi hoto, kada a kwana. Sai da aka kwana uku. Ana neman mijin a waya ba a samu ba, da aka same shi sai ya nemo kuɗi ya turo, sannan a jira motar ranar kasuwa. Ba wanda ya ga dalilin gaggawa, tunda tana tashi tana girki. Rana ta huɗu tana cikin daka ta faɗi.

A bayan mota aka kawo ta, leɓɓanta fari fat, tafin hannunta sanyi kamar randa. Ciki ne ya zauna a wajen mahaifa, cikin ƴar hanyar da ƙwai ke bi, ya girma har hanyar ta fashe, jini ya cika mata ciki. Aka yi mata aiki cikin dare, aka ƙara mata jini leda biyu, ɗaya daga jikina aka ɗiba. Allah ya yi da sauran kwananta. Da na koma ƙauyen na je yi wa ungozomar godiya, sai ta ce mini, "Malam, na yi zargi tun ranar. Amma hannu ba ya gani. Da na nuna wa Inna mahaifar babu komai a ciki, da ba ku kwana ba." Maganar nan ta zauna mini. Irin wannan ciki yana samun mace 1 zuwa 2 cikin kowane 100 da suka ɗauki ciki, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a watanni ukun farko. A Nijar, ƙasar da binciken gwamnati na 2021 ya nuna mace kan haifi ƴaƴa 6 da ɗoriya a rayuwarta, ku lissafa sau nawa kowace mace ke tsallake wannan rami ido rufe.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. An yi wani babban bincike a karkarar ƙasashe biyar, Kongo-Kinshasa, Kenya, Zambiya, Gwatemala da Pakistan, aka buga sakamakonsa a 2018. An kai na'urori ƙananan likitoci, aka horar da ma'aikata, amma mutuwar iyaye mata da jarirai ba ta ragu ba. Na yarda da wannan sakamako, kuma ina ganin ya kamata duk mai shirin sayo na'urori ya karanta shi. Abin da yake nunawa shi ne na'ura gani take yi, ba ta yin tiyata, ba ta ba da jini, ba ta zuba man ambilans. Idan ungozoma a Bouza ko Keita ko Abalak ta ga mabiya ta tare bakin mahaifa, sai akwai mota, da hanya, da ɗakin aiki mai wuta da likita a ciki, sannan ganin nata zai ceci rai. Saboda haka da na'urar da hanyar tura majinyaci tare za a gyara su. Sai dai a wancan binciken ba a fara ɗaukar hoton ba sai ciki ya kai wajen wata huɗu, lokacin da irin haɗarin da ya samu matar ƙanena ya riga ya wuce ko ya riga ya yi ɓarna.

Hujja ta biyu daga wasu likitoci take fitowa: hoton ciki ilimi ne mai zurfi, idan aka sakar wa kowa za a yi ta ganin abin da babu. Gaskiya ne gano nakasar zuciya ko ta ƙwaƙwalwar ɗan tayi aikin ƙwararre ne. Ni ba shi nake nema wa ungozoma ba. Tambayoyi ne ƴan kaɗan: cikin yana cikin mahaifa? Zuciya na bugawa? Ɗaya ne ko biyu? Mako nawa? Daga baya, ina mabiya take, kuma yaya ɗan ya kwanta? OMS da kanta ta ce ungozoma da ta samu horo da mai duba aikinta na iya wannan. A Faransa, inda muka kwaso tsarin karatun ungozomominmu, suna yin ikogarafi idan sun yi ƙarin karatunsa. Na'urorin ma sun sauya. Yanzu akwai wadda ba ta fi tocila girma ba, a jona ta da wayar salula, a yi cajinta da hasken rana, abin da ya shige wa ungozoma duhu ta tura hoton ga likitan mata a cibiyar uwa da yaro ta Tahoua, ko ma Maternite Issaka Gazobi a Yamai.

Hujja ta uku ita ce ta fi nauyi, domin daga cikin gidajenmu take: mata ba sa zuwa awo da wuri. Akwai kunya, musamman a cikin fari, akwai tsoron baki, akwai uwar miji mai cewa "mu da muka haifi goma wane hoto aka yi mana?" Sai dai ina ganin mun ɗora wa kunya laifin da ba nata ba ne duka. Macen da ta je awo da cikin wata biyu me take samowa? A auna nauyinta, a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, a ce ta dawo. Dole ta ga gara ta jira. Amma ku kalli fuskar mace ranar da aka juyo mata allo ta ga wani ɗan ɗigo yana bal-bal, aka ce mata zuciyar ɗanta ce, tun yana mako 6 ko 7. Labarin zai riga ta isa gida. Kuma ɗakin ungozoma, mace da mace, ƙofa a rufe, ya fi rufin asiri a kan a hau kabu-kabu a ratsa gari zuwa kilinik inda watakila namiji ne zai yi hoton.

Gwamnati ta riga ta yi rabin tafiyar. Tun 2006 aka ayyana awon ciki kyauta, bayan tiyatar haihuwa da aka fara da ita, kuma a watan Satumba na 2024 aka rage kuɗin magani a likitocin gwamnati. Abin da ya rage shi ne a sa hoto ɗaya na farkon ciki cikin abin da ake kira awo, yadda ake ba da gidan sauro da ƙwayar ƙarin jini, a sa darasinsa a makarantun horar da ungozoma, a fara da ƙananan likitocin CSI da suka fi nisa da babbar likita maimakon na cikin gari. A kuma ware kuɗin gyara da na man da ake shafa wa ciki kafin hoto tun ranar saye, domin mun sha ganin kayan agaji lulluɓe da zane a lungun ofis saboda waya ɗaya ta lalace.

Matar ƙanena ta sake samun ciki bana. Saboda abin da ya faru, haɗarin ya maimaita ya fi na sauran mata, don haka tana ɓatan wata muka sa aka kawo ta Tahoua. Kuɗin mota zuwa da dawowa, ita da Inna, ya fi kuɗin hoton kansa, kuma sai da suka kwana biyu a gidana. An ga ɗan a cikin mahaifa, mako 7 da kwana 3. Maƙwabciyarta da suka ɗauki ciki kusan lokaci ɗaya ba ta da ɗan'uwa a birni, tata takardar tana nan ninke a cikin karne.